Rufe Ƙofar Dutsen Rainier Ba Zalunci Ba Ne

A jihar Washington ta ƙasar Amurka, kimanin mil 60 daga birnin Seattle, akwai wani babban dutse mai suna Rainier, wanda tsayinsa ya kai ƙafa 14,410. Tun shekarar 1899 gwamnatin ƙasar ta keɓe shi da dajin da ke kewaye da shi don shaƙatawar jama'a. Da hunturu ya kama, magidanta kan kwashi iyalinsu a mota su nufi wani fili a jikin dutsen da ake kira Paradise, watau Aljanna, don yin wasa cikin dusar ƙanƙara. Waɗansu sulu ke kai su, waɗansu kuma sukan ɗaura faffaɗan takalmi mai hana nutsewa su bi cikin itatuwa da ƙafa. To, amma sau da yawa sai mutum ya sha doguwar tafiya, ya iso wani zango mai suna Longmire, ya tarar ma'aikata sun rufe ƙofar hanyar da ke hawa sama, ya juya gida yana gunaguni.

Masu wannan gunaguni cewa suke yi dutsen na jama'a ne, da kuɗin harajinsu ake kula da shi, kuma baligi mai hankali shi ya san abin da ya fi masa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙarfi, kuma ma'aikatan da ke rufe ƙofa su ke da gaskiya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ake zance a kansa. Filin Paradise yana kan tudu mai tsayin ƙafa 5,400, kuma dusar ƙanƙarar da ke zuba a can kowace shekara, in an haɗa ta, takan zarce ƙafa 50. A hunturun 1971 zuwa 1972 an auna inci 1,122, watau fiye da ƙafa 93, kusan tsayin bene mai hawa tara. A lokacin babu inda aka taɓa auna irin wannan a duniya cikin shekara guda. Kowace safiya sai manyan motocin shara sun ture ƙanƙarar daga kan hanya kafin a buɗe, da dare kuma a sake rufewa. Shi ya sa doka ta tilasta wa kowace mota ta riƙe sarƙar ɗaura wa taya daga 1 ga Nuwamba har zuwa 1 ga Mayu, komai ƙarfin motar kuwa.

Abin da ke halaka mutane a irin wannan wuri ba ya yin sallama. Wani lokaci gari na garau, cikin 'yan mintoci sai iska ta taso da hazo, sama da ƙasa su zama fari fat, mutum ya kasa ganin sawun da ya taka yanzu yanzu. Akwai rafuka da ƙanƙara ke rufewa, mai tafiya ya ɗauka ƙasa ce, ya burma. Akwai ramuka a gindin itatuwa inda dusar ba ta daskare ba, in mutum ya faɗa da ka, fita sai da taimako. Sanyi kuma in ya shiga jiki har ɗumin jikin ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali yakan fara gushewa, mutum ya riƙa yanke shawarar da ba zai yanke ba da yana cikin hayyacinsa. Mafi muni shi ne zaftarewar ƙanƙara daga kan gangare. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan ya nuna cewa in an tono wanda ta binne cikin minti 15, fiye da kashi 90 cikin ɗari sukan rayu, amma in aka kai minti 35, kimanin kashi 30 kaɗai ke saura da rai. Ke nan kafin masu ceto su iso daga nesa, sau da yawa mai aukuwa ta riga ta auku.

Watan Janairu na 1912 ba shi ne abin misali ba, na 2012 ne, wanda mutanen yankin ba su manta da shi ba. A cikinsa wani dattijo ɗan shekara 66, wanda ya daɗe yana hawan dutsen, ya zame ya rabu da ayarinsa. Ya kwana biyu a waje, yana ƙona safarsa da takardun kuɗin da ke aljihunsa don ya ji ɗumi, yana taka rawar soja a wuri guda don kada jininsa ya daskare, har Allah ya sa aka gano shi da rai. A makon nan kuma waɗansu mutum huɗu suka hau sama guguwa ta rutsa da su. Babu wanda ya dawo, kuma ba a fara ganin gawarwakinsu ba sai cikin watan Agusta, bayan ƙanƙara ta narke. In wanda ya san dutse ya sha haka, ina ga baƙon da ya zo yawon yini guda da rigar sanyi ɗaya?

Dalili na biyu shi ne, mai cewa ransa nasa ne ya manta da masu fita nemansa. A gandayen dajin gwamnatin Amurka ba a karɓar ko sisi daga wanda aka ceto, kuma wannan tsari ne mai kyau, domin wanda ke tsoron biyan kuɗi zai yi ta jinkirin neman taimako har lokaci ya ƙure. Amma kyauta ga wanda aka ceta ba kyauta ba ce ga mai ceto. A ran 21 ga Yuni 2012, wani ma'aikacin gandun mai suna Nick Hall ya zame ya faɗi ƙasa ya mutu yana cikin aikin kwaso waɗansu mahaya huɗu da suka yi haɗari a kan ƙanƙarar dutsen. Wannan fa a lokacin zafi ke nan, balle cikin tsakiyar hunturu. Duk wanda ya ƙetare ƙofar da aka rufe, ya jefa ran wani magidanci cikin haɗari ba tare da ya shawarce shi ba.

Duk da haka, akwai inda masu ƙorafi suke da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. A hunturun 2022 zuwa 2023 hukumar gandun ta rufe hanyar Paradise a ranakun aiki, ta bar Asabar da Lahadi kaɗai, kuma dalilin da ta bayar shi ne ƙarancin ma'aikata. Wannan rufewa ba ta guguwa ba ce, gazawar gwamnati ce, maganinta kuwa shi ne a ɗauki direbobin motocin shara da masu sintiri, a biya su abin da zai riƙe su. Sai dai ko a nan ma, buɗe hanyar da ba a share ba, ba kuma mai tsaronta, ya fi rufe ta muni.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma wanda ya bar garinsu ya zauna a Ikko ko Fatakwal ya fi kowa sanin haka. Iya iyo a rafin ƙauye bai sa mutum ya raina gargaɗin masunta a bakin teku. Haka abin yake ga ɗalibi ko ɗan kasuwar da tafiya ta kai shi ƙasar sanyi, abokai suka ja shi kallon ƙanƙara. Ya saurari rahoton yanayi kafin ya fita, ya gaya wa wani inda za shi da lokacin da zai dawo, ya riƙe tufafi masu kauri da abinci da tocila, kada kuma ya rabu da ayari. In ya tarar da ƙofa a rufe, ya juya da mutuncinsa ya dawo wata rana, gama wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.