Sharhi: Gidan Farko Daga Kuɗin Cefane Yake Somawa

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, birnin Gombe bai daina faɗaɗa ba. Ma'aikatun gwamnati sun taru a cikinsa, an kafa jami'ar jihar a shekarar 2004, daga baya kuma rikicin da ya addabi jihohin Borno da Yobe da Adamawa ya koro dubban jama'a zuwa garin. Wuraren da a da gonaki ne, irin su Tumfure da ke kan hanyar Bauchi, yau sun zama unguwanni. Sakamakon haka filaye suka yi daraja, kuɗin haya ya riƙa hawa, sababbin ma'aurata kuma suka wayi gari wani babban kaso na abin da suke samu yana tafiya aljihun masu gidaje.

Sanin kowa ne cewa burin kowane magidanci shi ne ya kwana a ƙarƙashin rufin kansa. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne cewa yawancin gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba da dunƙulallen kuɗi ake gina su ba. A hankali ake tayar da su, bulo bisa bulo, daga abin da aka rage a cefanen yau da kullum. Saboda haka ango da amaryar da suke son mallakar gida, littafin lissafi ya kamata su fara saya kafin su nemi dillalin fili.

Matakin farko shi ne miji da mata su zauna su rubuta duk abin da ke shigowa da duk abin da ke fita na tsawon wata biyu ko uku, ba tare da ɓoye wa juna kome ba. Hatsi da kayan miya, gawayi ko gas, kuɗin wuta, kuɗin 'yan ga-ruwa a unguwannin da ruwan Dadin Kowa bai wadata ba, kuɗin mota, katin waya, magani, da abin da ake aika wa iyaye, duk su shiga. Galibi a nan ne ake gane cewa ba tukunya ce ke cinye albashi ba. Anko da gudunmawar biki da ƙananan basussuka da sauya waya ba gaira ba dalili, su ne ɓarakar da kuɗi ke zurarewa. Zumunci wajibi ne, amma ya kamata a yanka masa kasonsa a wata, idan ya ƙare a ba da haƙuri.

Mataki na biyu shi ne a fara cire rabon gida ranar da kuɗi suka shigo, sannan a rayu da saura. Wanda ya ce sai abin da ya ragu a ƙarshen wata zai ajiye, ba zai ajiye kome ba. A ɗauka, alal misali, miji ma'aikaci ne, matarsa kuma tana ɗinki, abin da suke haɗawa a wata Naira dubu 200. Idan suka ware kashi ɗaya cikin biyar, wato Naira dubu 40, a shekara sun tara Naira dubu 480. Kuɗin hayar shekara ma a raba shi gida goma sha biyu a riƙa ajiyewa daban, domin babu abin da ya fi rusa tanadi kamar mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa a rasa abin ba shi sai an fasa asusu. Haka kuma sayen masara da gero da wake a kasuwar Tudun Hatsi lokacin kaka, sa'ad da farashi ya sauka, kan sauƙaƙa wa iyali nauyin watannin damina.

Sai dai tara kuɗi kaɗai ba ya isa a zamanin da Naira ke rasa ƙarfinta. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, Naira dubu 100 da aka ɓoye a akwati shekara guda kafin lokacin, abin da za ta saya bai wuce na kimanin Naira dubu 74 ba. A farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a wurare da dama na ƙasar nan, kuma kasancewar masana'antar siminti ta Ashaka a cikin jihar bai kuɓutar da mutanen Gombe daga tsadar ba. Mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a Yuli 2024 bai cike wannan giɓi ba.

Don haka hikima ita ce a riƙa mayar da kuɗi kadara mataki-mataki. Da zarar an tara abin da zai sayi fili, a saya. Bayan haka a zuba harsashi, a buga bulo, a tanadi kwano da rodi. Siminti kam ba a jibge shi, domin yana daskarewa idan ya daɗe. A fara da ɗaki biyu da banɗaki da katanga, a tare, kuɗin hayar da aka huta biya kuma ya koma ginin sauran. Adashi yana da amfani a nan, musamman idan aka daidaita ranar kwasa da wani aiki takamaimai, kamar rufi.

Wurin sayen fili ne aka fi yin kuka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, saboda haka takardar ciniki da shaidar mai unguwa ba su kai matsayin takardar shaidar mallaka ba. Wajibi ne mai saye ya bincika a hukumar GOGIS, wadda ke kula da bayanan filaye a jihar, ya tabbatar filin ba na gwamnati ba ne, ba a kan hanya yake ba, kuma ba a sayar wa wani ba. Gombe gari ne mai fama da zaizayar ƙasa, kwaruruka sun sha cinye gidajen bayin Allah. Filin da aka karyar da farashinsa a bakin kwari, a je a gan shi da damina kafin a biya, domin araha ba ta ado.

Ma'aikata kuma su tuna da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da Doka ta 3 ta shekarar 1992, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi a zuba a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Mai zubi yana da damar neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Da yawa ana cire musu kuɗin ba su taɓa tambayar lissafinsu ba. Waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa suna da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da kuma takardun Sukuk da Gwamnatin Tarayya ta soma fitarwa a 2017. Abin gudu shi ne masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Waɗanda MMM ta durƙusar a ƙarshen 2016 shaida ne.

Akwai kuma batun da kunya ke hana tattaunawa. Sau da yawa mace kan sayar da ɗan kunnenta na zinariya ko tumakinta, ko ta miƙa kwasar adashinta a zuba a gini, amma takarda ta fito da sunan miji shi kaɗai. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce. Idan rance ta bayar, a rubuta. Idan tarayya aka yi, a bayyana kason kowa a gaban shaidu. Yin haka ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ta da 'ya'yanta ranar da mutuwa ko rabuwa ta gitta, magada suka taru.

Hukumomi da 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa. Ya kamata gwamnatin jiha ta yawaita yanka ƙananan filaye masu hanya da magudanar ruwa, ta kuma sauƙaƙa kuɗi da lokacin fitar da takardu. Masu sayar da kayan gini da masu buga bulo za su ƙaru idan suka buɗe tsarin biya kaɗan-kaɗan a kan tsayayyen farashi, da rasiɗi a hannu. Amma kafin duk wannan, alhakin yana wuyan ma'auratan ne. Da yayyafi kogi kan cika, kuma iyalin da suka soma ware rabon gida a watan farko na aurensu sun riga sun yi wa takwarorinsu nisa.