Tafiyar Rabin Mil Da Yara A Bakin Bobi

Duk wanda ya san Bobi ta ƙasar Mariga, cikin masarautar Kontagora, ya san ta ne da makiyayarta mai faɗin kimanin hekta 31,000, wadda Gwamnatin Jihar Neja da Babban Bankin Nijeriya suka jawo wa kamfanonin madara a shekarar 2019. To, amma ban da shanu da nono, akwai wata dukiya a wurin wadda ba a cika zancenta ba, ita ce itatuwan da ke tsaye a gonaki da gefen burtali, waɗanda yaran yau suke tashi ba su san sunayensu ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Tun da 'yan bindiga suka sace 'yan makarantar Kagara da na Islamiyyar Tegina a 2021, iyaye da yawa a wannan yanki suka tsuke wa 'ya'yansu ƙafa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Shiga dawa da yara a irin wannan hali ganganci ne. Sai dai kulle yaro a tsakar gida shi ma yana da tasa hasarar, domin yaron da bai san kaɗanya ba, ran da ya girma ba zai ji ciwon ganin an sare ta an yi gawayi ba.

Maganin abin shi ne gajeriyar tafiya a bakin gari, wadda ba ta wuce rabin mil ba. Ma'auninta mai sauƙi ne: kada a kai inda ba a jin kiran salla daga masallacin gari. A zaɓi turba shimfiɗaɗɗiya wadda mai goyo da tsoho mai sanda za su iya bi, a fita da hantsi bayan an kawar da amfanin gona, a shaida wa mai unguwa da 'yan banga, in sun ce yau ba lafiya, a haƙura. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane yaro ya sa takalmi saboda ƙaya, a riƙe goran ruwa, a kuma hana su tura hannu a rami ko cikin busasshen ganye, inda kububuwa da kunama ke fakewa.

Itatuwa huɗu sun isa darasin yini guda. A tsaya gindin kaɗanya a gaya musu cewa takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma daga ƙwaryar 'ya'yan nan ne iyayensu mata ke fitar da man kaɗe, wanda Jihar Neja ta yi suna da shi. A nuna musu ɗorawa, mai jan tutu da bazara, mai ba da garin da suke lasa da kalwar da ake daddawa. Ga kuka, ganyenta miya, ɓawonta igiya. Ga ƙirya, wadda taurinta ya sa masassaƙa ke neman ta domin turmi da taɓarya, maƙera kuma domin gawayi. A bar yaro ya taɓa, ya sansana, ya tambaya. Kada a yi masa gaggawa in ya tsuguna kallon jerin tururuwa, domin gani ya kori ji.

In turbar ta ratsa burtali, a nuna masa iyakarsa, a faɗa masa cewa hanyar shanu ce, ba a nome ta, kuma tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu. Ɗan manomi da ɗan makiyayi da suka san wannan tun suna ƙanana, da wuya su ɗauki makami a kan juna saboda kunya biyu ta dawa.

Ya kamata malaman firamare da na allo su ɗauki wannan aiki tare da iyaye, ko da sau ɗaya a wata, tunda ba ya cin ko kwabo. Ita kuwa hukuma, nauyin da ke kanta shi ne ta maido da zaman lafiya, yadda rabin mil ɗin nan zai zama mil guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyaye zuriya, amin.