TAFIYA MABUƊIN ILMI: Naraguta, Inda Aka Kwashe Kuza Aka Bar Ramuka

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Jos zuwa Bauci ya ratsa ta Naraguta, ko ya lura ko bai lura ba. Ɗan gari ne a bakin hanya, arewa da Jos, wanda yawancin mutane ba su san shi da kome ba sai abu biyu, watau mazaunin Jami'ar Jos da ke kusa da shi, da kuma dukawansa masu ɗinkin jaka da takalmi. Amma shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, tun Jos ba ta zama birni ba, sunan wannan ɗan gari yana bakin manyan attajiran Landan, suna saye da sayar da hannun jari da shi. Wanda ke da hutun Asabar da Lahadi da ɗan guzuri zai iya zuwa ya gane wa idonsa abin da ya rage na wannan zamani, gama gani ya kori ji.

Mutumin da zai tashi daga Kano, gara ya yi sammako ran Asabar. Tafiyar kimanin kilomita 300 ce. Zai bi hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya nufi Tudun Wada, sa'an nan ya shiga dajin Falgore. Wannan daji ya yi ƙaurin suna wajen ɓarayi, saboda haka direbobin da suka san hanya ba sa ratsa shi sai da rana tsaka, kuma ba laifi mutum ya tambaya a tasha yadda hanya take kafin ya kama ta.

Da an fita daga dajin an shiga ƙasar Doguwa, matafiyi zai fara hango duwatsu. A cikinsu ne garin Riruwai yake, kuma a nan labarin Naraguta ya faro. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, mutanen Riruwai sun san kuza. Sukan wanko baƙin tsakin nan mai nauyi daga yashin rafi, su narkar a murhun ƙasa, su fitar da dalma siri-siri kamar tsinken tsintsiya, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa. Daga baya wasu daga cikin masu wannan sana'a suka ƙaura ƙasar Bauci, suka kafa wani gari da ake kira Riruwan Dalma. Waɗannan tsinkayen dalma ne Turawan Kamfanin Neja suka riƙa gani a hannun 'yan kasuwa a bakin kogin Binuwai, suka shiga tambayar inda ake samo su.

Daga Doguwa sai Saminaka, daga nan sai Jengre, inda mota za ta soma hawan tudu. Iska za ta sake, zafin Kano ya tafi, domin Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200. Wanda ya zo cikin watan Disamba ko Janairu ba rigar sanyi, zai gane kurensa kafin gari ya waye. Ana isa Farin Gada, inda kasuwar kayan lambu take, sai a nemi hanyar Bauci. Ba a yi nisa ba za a tarar da Naraguta.

Ƙasar ta Anaguta ce, kuma daga sunansu ne sunan garin ya samo asali. Su da maƙwabtansu Afizere da Birom suna noman acca da gero a jikin waɗannan duwatsu tun kaka da kakanni. A cikin 1902 Kamfanin Neja ya aiko wani masanin ma'adinai, George Nicolaus, ya bi sawun kuza har ya iske mafarinsa a kogin Dilimi. A ƙarshen 1903 wani injiniya, H. W. Laws, ya iso da rakiyar sojoji da 'yan dako, ya kafa zango a Tilden Fulani, ba a daɗe ba ya matso Naraguta a gaɓar Dilimi. Nan aka yi bariki, nan aka fara haƙa irin ta Turawa. A shekarun farko ba mota ba jirgi, sai a ɗora wa 'yan dako buhunan kuza a ka, su taka ta Keffi har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira.

Abin da ya sa Turawa suka ƙwallafa rai a kan wannan baƙin tsaki shi ne, da dalmar da ake fitarwa daga cikinsa ake shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, da ita kuma ake liƙa ƙarfe da waya. Wajen 1910 labarin arzikin Filato ya gama Landan, aka yi ta kafa kamfanoni, har akwai waɗanda suka ɗauki sunan Naraguta. Gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta yi doka cewa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne. Bisa yarjejeniyar 1900 kuma, Kamfanin Neja ke karɓar rabin harajin ma'adinai na wannan yanki, wa'adin shekara 99. Ba a raba Nijeriya da wannan ƙangi ba sai a 1950, da gwamnati ta biya fam miliyan 1 ta fanshi haƙƙin. Su kuwa manarkan Riruwan Dalma, waɗanda su suka nuna hanya, sana'arsu ta mutu cikin 'yan shekaru, don filayen da suke wanke kuza an yanka wa kamfanoni.

A wancan lokaci Naraguta ce mazaunin Turawan mulki na wannan gunduma, a ƙarƙashin Lardin Bauci. Abin da ya rage mata daraja shi ne jirgin ƙasa. An shimfiɗa wata siririyar hanyar jirgi daga Zariya, ta bi ta Rahama da Jengre, ta isa Jos, ta ƙare a Bukuru a 1914. Kasuwa ta bi tasha, ofisoshi suka bi kasuwa. Da aka ƙirƙiro Lardin Filato a 1926, Jos ce babban birninsa, a 1927 kuma babbar hanyar jirgi ta iso ta daga Kafancan. Naraguta ta koma ƙauye a gefen garin da ya taso a bayanta.

Matafiyin da ya isa da la'asar, ya kamata ya fara da rumfunan dukawa. Zai tarar da jakunkuna da takalma da tumtum na fata, aikin hannu, irin wanda Turawan kuza da 'yan yawon buɗe ido suka riƙa saye suna kai gida. Ciniki ya ja baya tun da rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 suka rage baƙi, amma sana'ar ba ta mutu ba. Daga nan sai ya gangara bakin Dilimi. Zai ga lambuna na kabeji da karas da latas, zai kuma ga tulin jar ƙasa nan da can waɗanda ba Allah ya halicce su haka ba. Kowane tuli, mutane ne suka tara shi da kwano a ka.

A nan ya dace mutum ya tsaya ya yi tunani, domin su wane ne suka ɗauki wannan ƙasa? Leburori ne daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Barno, da ƙasar Tibi, da ƙasashen Faransa na arewa, da kuma 'yan ƙasa, maza da mata har da yara. Wasu neman kuɗin haraji ya kawo su, wasu neman kuɗin aure, wasu kuwa bayi ne da suka sami 'yanci suka rasa gona. Aikin shi ne a yaye ƙasar sama da diga da shebur, a kwashe ta da kwano, har a kai ga yashin da ke da kuza, sa'an nan a wanke shi da ruwa, yashi ya tafi, mai nauyi ya kwanta. Ana biyansu ran Asabar, kafin Litinin kuɗin ya ƙare a wurin masu tuwo da 'yan caca da masu bashi. Zaman da suka yi a waɗannan sansanoni na daga cikin abin da ya ƙara wa kalmar bariki mummunar ma'anar da take da ita a bakin Bahaushe.

Mafi tsananin lokaci shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake samun dalma mai yawa, sai ido ya dawo kan Filato. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka aza wa kowace En'e adadin mutanen da za ta kawo. Wannan shi ne abin da talakawa suka laƙaba wa suna diban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso wajen mutum 100,000 daga lardunan Arewa. Manomi da bai taɓa sanin sanyin dutse ba, a kawo shi da 'yar taguwa ɗaya, a sa shi cikin ruwa tun asuba, ga ƙarancin hatsi, ga cunkoso a bukkoki. Da yawa suka gudu, da yawa kuma ciwon haƙarƙari da gudawa suka kashe su, aka binne su nesa da danginsu. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran Lahadi da safe, sai matafiyi ya shiga gari ya nufi gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Shi ma wannan gida albarkacin haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙa a ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu. A 1943 aka kawo wa wani jami'in mulki, Bernard Fagg, wani kan yumɓu daga mahaƙar Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamar da ke tsakaninsu, ya roƙi masu haƙa su riƙa ajiye duk abin da suka tono. Ta haka duniya ta san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai mutane a wannan yanki masu gwanintar gini da yumɓu da narkar da tama. A harabar gidan kuma akwai kan jirgin siririyar hanyar nan ta Zariya, wadda aka rufe a 1957.

In da sauran lokaci, sai a miƙa kudu zuwa Rayfield da Bukuru, inda babban kamfanin nan ATMN, wanda aka haɗa a 1939, ya yi aiki da manyan injuna masu yaye ƙasa. Wutar lantarkin da ke juya su daga Kurra take zuwa, inda kamfanin NESCO ya datse ruwa. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar Makeri a Jos don narkar da kuza a gida. Amma kafin nan an riga an cinye na sama-sama, man fetur kuma ya zo ya ɗauke hankalin gwamnati. Da farashin dalma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, sai kamfanonin suka watse, ma'aikata suka koma gida hannu rabbana.

Abin da aka bari shi ne ramuka, fiye da 1,000, cike da ruwa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa cike rami bayan an gama, amma kaɗan aka cike, aka dasa itatuwan turare a kai. Wasu ramukan sun yi amfani: na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, wasu kuma da ruwansu ake noman rani na tumatir da dankalin Turawa. Wasu kuwa sun zama tarko, kusan kowace shekara sai an ji yaro ko dabba ta faɗa. Manomin da aka yaye wa gona tun zamanin kakansa, har yau bai sami madadinta ba. Samari kuma sun koma haƙar da suke kira loto, watau su tona rijiya mai zurfi su bi ta ƙarƙashin ƙasa ba tokari, in ta rufta sai dai a yi musu addu'a.

Wannan ne ya sa tafiyar ta fi gaban yawon buɗe ido. Yau ana haƙar zinariya a Zamfara da Kebbi da Neja, ana neman wasu sababbin ma'adinai a Nasarawa da Kaduna, baƙi na shigowa da injuna da kuɗi kamar yadda Laws ya shigo. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin sarki ko dagaci ko kwamishina ya sa hannu a kan takardar ba da fili, yana da kyau a kai shi bakin ɗaya daga cikin ramukan Filato, a nuna masa. Sa'an nan ya tambayi mai neman filin wane ne zai cike ramin in an gama, nawa aka ajiye don wannan aiki, kuma me mai gonar zai ci bayan shekara ashirin. In ba a sami amsa a rubuce ba, kada a ba da.

Haka kuma Gwamnatin Jihar Filato da Jami'ar Jos, wadda ke zaune a kan wannan ƙasa, suna da nauyi a wuyansu. Ya kamata a kafa wata alama a Naraguta mai bayani da Hausa da Turanci da harshen Anaguta, a ambaci manoman da suka rasa gonaki da leburorin da suka rasa rayuka, gama jikokin waɗannan da na waɗancan su ne ke zaune tare a Jos yau, kuma wahala ɗaya ce ta haɗa kakanninsu.

Mai komawa Kano dai kada ya wuce azahar a Jos, don ya ratsa Falgore da sauran rana. Ya tsaya Farin Gada ya yi tsarabar dankali da kabeji, in ya isa gida kuma ya tambayi tsofaffin unguwa ko akwai wanda ubansa ya je diban gwamna. Da wuya a rasa.