Wa Ya Ci Ribar Yaƙin Njamena?

'Yan'uwa, akwai wata magana da nake ji a bakin samarinmu bayan sujada, wai ƙasar Chadi ba za ta gyaru ba sai da bakin bindiga. Har waɗansu dattawa ma suna gyaɗa kai. Ni ban yarda ba, gama an gwada wannan magani a kanmu, ba sau ɗaya ba.

A watan Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen Hissène Habré da sojojin Shugaba Malloum. Kafin wannan, ɗan kudu da ɗan arewa suna haya a gida ɗaya, matansu suna aron turmin juna. Sai 'yan kudu suka kwashe kayansu suka koma garuruwansu, a Mundu da Sar kuma aka karkashe Musulmi. Mu Kirista ba mu son a tuna mana da wannan, amma ya faru. Aka zauna a Kano, aka zauna a Legas, aka sa hannu a takarda. A 1980 Habré da Goukouni suka yi wata tara suna ɓarin wuta cikin gari. Babbar majami'ar Katolika ta ƙone, makarantu suka rufe, jama'a suka haye kogi cikin kwalekwale zuwa Kuseri. Da goyona mahaifiyata ta haye. Yayana da ya bar makaranta a shekarar bai koma ba, har yau da dangwale yake sa hannu.

Sa'ad da Habré ya ƙwace mulki a 1982, me ya kawo? Rabin albashi ga ma'aikata, da kurkukun DDS. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka hallaka.

Za ku ce tsohon labari ne? To, ku zo Gardole. A Fabrairu 2008 'yan tawaye suka shigo Njamena, bayan kwana biyu aka kore su. Hayaƙi bai gama washewa ba aka kafa dokar ta-ɓaci, katafila ta bi gidajen wannan tsohuwar unguwa ta rushe. An gina asibitin mata da yara a wurin, asibiti kuwa abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma tela da mai ƙosai waɗanda masu cinikinsu ke bakin ƙofa, sun watse zuwa gefen gari inda ba wanda ya san su. Ba su taɓa riƙe bindiga ba, ba kuwa wanda ya tambaye su ko wa suke goyon baya.