Ƙungiyar USN: wa ke yanke shawara a jami'o'in Nijar?

A shekarar 2024 hukumomin Mali da na Kodebuwa sun rusa manyan ƙungiyoyin ɗalibansu. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyar USN na nan da ƙarfinta, amma matsalolin da suka kai takwarorinta ƙasa ba baƙi ba ne a harabar Jami'ar Yamai.

Kowace shekara, ranar 9 ga watan Fabrairu, ɗalibai a Yamai da sauran manyan biranen Nijar kan ajiye karatu domin tunawa da abokansu uku: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. A irin wannan rana ta shekarar 1990 ne ɗaliban jami'a suka taso daga harabarsu da ke Harobanda, a tsallaken kogin Isa, suka nufi cikin gari domin nuna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da asusun FMI suka gindaya wa fannin ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kafin ƙarshen wannan shekara gwamnatin Janar Ali Saibou ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, inda USN ta zauna a matsayin rukuni mai muryar kansa, kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar ƙwadago ta USTN. Daga nan ƙungiyar ta samu martabar da take cin gajiyarta har yau, kuma wannan ne ya sa duk gwamnatin da ta zo take taka tsantsan da ita.

Yadda ake yanke shawara

An kafa USN, wato Union des Scolaires Nigériens, a shekarar 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. Ta haɗa ƴan kwaleji da ƴan lise da ƴan jami'a, har da ɗaliban Nijar masu karatu a ƙasashen waje. Kwamitin gudanarwa na ƙasa ne ke jan ragamarta, kuma a babban taron ƙungiya ake zaɓensa. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai reshenta shi ne UENUN, wanda ke da nasa kwamitin zartarwa da wakilai a tsangayoyi.

Sai dai zuciyar al'amarin ita ce taron gama-gari, wanda kowa ke kira AG. A Yamai ana yinsa a dandalin da ake kira Place AB. Shugabanni su karanta bayani, masu son magana su yi, sannan a tsai da matsaya: a ba gwamnati wa'adi, a ƙaurace wa azuzuwa na kwana biyu ko uku, ko a fita zanga-zanga.

Wanda bai taɓa zama a harabar ba zai ɗauka siyasa kawai ake yi a wurin. Alhali mafi yawan abin da ake tattaunawa batun ciki ne da makwanci. Akwai kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB ke biya, wanda jinkirinsa ya fi komai tayar da ƙura. Akwai kuɗin taimako na waɗanda ba su samu tallafin ba. Akwai ɗakunan kwana da gidan cin abinci da motocin bas, waɗanda ke hannun hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, CROU, da a da ake kira CNOU. Akwai kuma ƙarancin ɗakunan lacca, da shekarun karatu da ke hawa kan juna, har digirin lisans na shekara uku ya ci wa ɗalibi shekara huɗu ko biyar.

Ga ɗan talaka da ya fito daga wani ƙauye na jihar Damagaram ko Tawa, ba shi da dangi a babban birni, waɗannan abubuwa su ne ke raba tsakanin ci gaba da karatu da komawa gida. Haka lamarin yake a sauran ƙasashen yankin. A Senegal jinkirin biyan tallafi ne ya haddasa zanga-zangar da Bassirou Faye ya rasa ransa a cikinta a Dakar a 2014, da wadda ta ci ran Fallou Sène a Saint-Louis a 2018.

Gwamnatocin Nijar sun yi ƙoƙarin rage cunkoso. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillabéri, jami'o'in gwamnati suka zama 8. Amma gine-gine da kasafin kuɗi ba su bi yawan masu cin jarrabawar bak ba. Sakamakon haka, koken da a da ake jinsa a Yamai kaɗai yanzu ana jinsa a kowace jiha.

Inda gizo ke saƙa

Taron gama-gari na da fa'ida babba: a fili ake yinsa, kuma shugaban da ya yi sulhu da gwamnati a bayan fage dole ya dawo ya fuskanci jama'arsa. Amma yana da rauni guda biyu da su kansu ɗalibai ke magana a kai.

Na farko shi ne wa ke halarta. Ɗaliban da ke kwana a haraba sun fi samun damar zuwa. Wanda ke zaune a wata unguwa mai nisa, ko yake haɗa karatu da ƙaramin aiki, ko ɗalibar da dole ta koma gida kafin magariba, sau da yawa sai dai su ji sakamako a WhatsApp. Ke nan shawarar da za ta rufe azuzuwan dubban ɗalibai tana iya fitowa daga bakin waɗanda suka samu zuwa a ranar kawai.

Na biyu shi ne yadda ake tsai da matsaya. Inda ake auna rinjaye da tafi da sowa ko ɗaga hannu, mai ra'ayin a koma aji yakan yi shiru, don kada a kira shi ɗan koren gwamnati. Ɗalibin shekarar ƙarshe da ya rage masa jarrabawa ɗaya da sabon shiga da bai karɓi ko sisi ba tun farkon shekara, buƙatunsu ba ɗaya ba ne, amma taron ba shi da hanyar auna wannan bambanci.

Batun CASO

Babu abin da ya fi raba kan jama'ar jami'a kamar CASO, kwamitin ɗalibai mai kula da walwala da tsari a haraba. Ƴan CASO ne ke tsara layi a gidan abinci da wurin shiga bas, su ne ke sa ido a ƙofofi. Masu kare shi na cewa ya samo asali daga ƙa'idar hurumin jami'a, wadda ta hana jami'an tsaro shiga haraba sai da izinin hukumar makaranta. In ƴan sanda ba za su shiga ba, in ji su, dole wani ya hana sata da faɗa. Masu sukarsa kuma na ganin ya zama ƴan sandan da babu wata doka da ta kafa, masu hukunta ɗalibai ba tare da shari'a ba, masu tilasta bin umarnin yajin karatu.

Shekaru biyu a jere sun nuna fuskokin matsalar. Ranar 10 ga Afrilun 2017 jami'an tsaro suka murƙushe zanga-zangar ɗalibai a Yamai, ɗalibi Malah Bagalé ya rasu. Hukumomi suka ce faɗuwa ya yi, USN ta ce gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye ne ya same shi. Aka rufe haraba, sai da Shugaba Mahamadou Issoufou ya gana da shugabannin ɗalibai aka buɗe ta, aka kuma sauya ministan ilimi mai zurfi. A wannan karo jama'a na bayan ɗalibai.

A Fabrairun 2018 lamarin ya juya. Ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki bayan da ta zargi ƴan CASO da cin zarafin wani malami. Ta nemi a rusa kwamitin, a kori masu laifi, a kuma kawo jami'an tsaro cikin haraba. Hukumar jami'a ta kori shugabannin ɗalibai biyar, rikici ya ɓarke a watan Afrilu, aka sake rufe haraba. Cikin shekara guda ƙungiyar ta tashi daga matsayin wadda aka zalunta zuwa wadda ake tuhuma, kuma hurumin jami'a da take karewa shi ya fi shan kashi.

Abin da ya faru a Bamako da Abidjan

Ƙungiyar AEEM ta Mali da FESCI ta Kodebuwa duk a 1990 aka kafa su, a guguwar neman dimokuraɗiyya. AEEM na sahun gaba a boren da ya kifar da Janar Moussa Traoré a watan Maris na 1991. FESCI kuwa ita ta fito da Guillaume Soro da Charles Blé Goudé, waɗanda dukansu suka shugabance ta kafin su shiga siyasar ƙasa.

Tarihin bai cece su ba. A watan Maris na 2024 gwamnatin riƙon ƙwaryar Mali ta rusa AEEM bayan wani artabu tsakanin ɓangarorinta da ya yi sanadin mutuwar ɗalibi. A watan Oktoba na wannan shekara hukumomin Abidjan suka rusa FESCI da sauran ƙungiyoyin ɗalibai bayan kisan ɗalibai biyu, suka kama shugabanta, suka fitar da dubban mutanen da ke zaune a ɗakunan kwana ba bisa ƙa'ida ba, suka kuma nuna addunan da suka ce an samu a wurin.

A ƙasashen biyu hanyar lalacewar ɗaya ce. Hukuma ta kasa samar da ɗakuna da tsaro, ƙungiya ta cike gurbin. Da rabon ɗakuna ya koma hannunta, sai kujerar shugabanci ta zama hanyar samun kuɗi, zaɓe kuma ya koma yaƙi. Ranar da gwamnati ta tashi rusa su, iyaye da ɗalibai da yawa ba su fito kare su ba. USN ba ta kai wannan matsayi ba, kuma ba adalci ba ne a kwatanta CASO da ƴan addunan Abidjan kai tsaye. Amma tushen ɗaya ne: ƙungiyar da aka kafa domin yin magana da yawun ɗalibai ta wayi gari tana riƙe da sanda.

Rusawar ma ba ta gina ɗaki ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne raba hukuma da abokin tattaunawa. Ranar da tallafi ya makara, minista na buƙatar wanda zai zauna da shi, wanda kuma in ya sa hannu a yarjejeniya ɗalibai za su bi.

Me ya sa batun ya fi muhimmanci yanzu

Wuraren da ake zaɓe a Nijar sun ragu. A 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon naɗa shugabannin jami'o'i, duk da dogon yajin aikin da SNECS ta yi domin a ci gaba da zaɓensu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da harkokin jam'iyyun siyasa, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa su. Ƙungiyar ɗalibai na cikin ƴan wuraren da suka rage inda matashi ke koyon tsayawa takara, yin muhawara, faɗuwa zaɓe da karɓar faɗuwar. In wannan makaranta ta lalace, asarar ba ta tsaya a Harobanda ba.

Lamarin ya shafi iyalai a wajen Nijar ma. Akwai ɗalibai daga Cadi, Kamaru, Benin da Najeriya, cikinsu har da ƴaƴan zango-zangon Hausawa, da ke karatu a Yamai, wasu kuma a Jami'ar Musulunci ta Say. Duk ranar da aka rufe haraba, ɗan Yamai gida zai tafi. Ɗan Garwa ko Abeche sai ya nemi inda zai raɓa, ga kuɗin makaranta da iyayensa suka riga suka biya, ga shekarar da ke neman salwanta. Yajin karatu na faɗa masa kamar kowa, amma da wuya a tambayi ra'ayinsa kafin a kira shi.

Gyaran da ke hannun kowane ɓangare

Akwai abin da ƙungiyar za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba. Duk yajin karatun da zai wuce ƴan kwanaki a kai shi ga ƙuri'ar sirri, tsangaya-tsangaya, a bayyana adadin masu jefawa. A riƙa buga lissafin kuɗin ƙungiya sau ɗaya a shekara. A ware kujeru na gaske ga ɗalibai mata da wakilan ɗaliban ƙasashen waje. A rubuta iyakar aikin CASO, a cire hukunci da duka daga ciki, a kuma samar da inda ɗalibin da aka ci wa zarafi zai kai ƙara ba tare da tsoro ba.

Nauyin hukuma ya fi girma, domin gibinta ne ake cikewa. In ANAB ta sanar da ranakun biya tun farkon shekara kuma ta cika, rabin tarurrukan Place AB ba za su ƙare da wa'adi ba. In CROU ta liƙa sunayen waɗanda suka samu ɗaki da ma'aunin da aka bi, babu wanda zai sayar da gado a ɓoye. In jami'a ta ɗauki masu gadi da aka horar, waɗanda ke ƙarƙashin shugabanta, hujjar riƙe sanda ta kau ba tare da an jibge jandarmomi a haraba ba. Sannan wakilan ɗalibai a majalisun jami'a su riƙa ganin kasafin kuɗi da jadawalin shekara kafin a zartar, maimakon a kira su bayan an fara ƙona tayoyi.

Babban taron USN na gaba da na rassanta a jami'o'in jihohi su ne za su nuna inda aka dosa. Abin lura a wurin shi ne ko za a yi zaɓe a tashi lafiya, ko waɗanda suka faɗi za su amince da sakamako, da kuma ko wani daga cikin ƴan takara zai yi ƙarfin halin sa batun CASO a kan tebur da kansa, kafin wata hukuma ta sa shi a madadinsu.