FILIN SANA'O'I: Gajeren take shi ne ƙofar kiɗa

A Kara-Kara da sauran unguwannin Zinder, yara da yawa suna son kiɗa. Amma wasunsu gaggawa gare su. Yaro ya yi wata guda wajen makaɗi, sai ya gudu gidan biki neman kuɗi. Hannunsa bai nuna ba. Ƙarshenta ya rasa sana'ar, ya rasa kuɗin.

Makaɗan Damagaram ba haka suka tashi ba. Ɗan makaɗi da kuntuku yake farawa, ƙaramar gangar da ke raka kalangu. Bugu ɗaya zai yi ta maimaitawa a bayan ubansa har ya zauna a hannu. Sannan a ba shi take. Take kiɗa ne gajere. Manoma suna da nasu na gayya, mahauta da nasu, ƴan kokawa da nasu. Mai busa algaita a fadar Sarki shi ma sai da ya fara koyon tara iska a kumatu.

A ƙasar Jamus ma haka ne. An yi wani babban makaɗi a can, sunansa Bach. An haife shi a 1685, ya rasu a 1750. Abin kiɗansa mai maɓallai ne, ana danna su da yatsu. Shi ne kakan fiyano. A 1720 ya buɗe wa ɗansa Wilhelm Friedemann littafi, yaron yana da shekara 9. Kiɗan farko a ciki ɗan guntu ne. Uban ya rubuta lambobi a kai, don yaron ya san yatsan da zai sa. A 1723 ya tsara gajerun kaɗe-kaɗe 30 na ƴan koyo. A cikin 15 na farko, hannun dama ya faɗa, na hagu ya amsa, kamar mai waƙa da ƴan amshi. Yawancinsu minti ɗaya ne ko biyu. Yau shekara 300 ke nan ana koyar da yara da su a duniya.

Me ya sa gajere? Don kunne yana riƙe shi. Kuskure yana fita fili, malami ya gyara nan take. Kuma yaro yana kaiwa ƙarshe, ya ji daɗi, ya nemi ƙari. Ba wasan yara ba ne. Manyan makaɗa suna buga su gaban jama'a, kamar yadda tsohon makaɗi ba ya jin kunyar taken noma.

Don haka uban da ya kai ɗansa koyo ya yi haƙuri. Kada ya janye shi don an daɗe kan take ɗaya. Makiyayi mai koya wa ƙanensa sarewa ya fara da busa gajere. Mai karatun manya kuma kada ya rena ba, bi, bu. Takensa ke nan. Da rarrafe yaro kan tashi.