FILIN SANA'A: Doguwar Majingina A Jikin Injin Tsaga Katako

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'yan katako, irin ta Na'ibawa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja, ya san ƙarar injin nan mai tebur wanda faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa. A gefen faifan akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe ko katako da ake jingina aiki da shi lokacin turawa, watau majingina. Ita ce ke sa tsaga ta tafi sak. To, amma galibin majinginar da ke zuwa da inji gajeruwa ce, tsayinta bai cika wuce inci 3 ba.

Muddin katako kwance yake a kan tebur, wannan tsayi ya wadatar. Wahala tana zuwa ne sa'ad da aiki ya bukaci a tsai da katako a kan gefensa, kamar in za a fitar da kwari a bakin allo, ko a karkace bakin allon ƙofar kabad, ko kuwa a raba kaurin katako gida biyu. Allo mai faɗin inci 10 in aka tsai da shi jikin majingina mai inci 3, to, fiye da kashi biyu cikin uku nasa a iska yake, ba abin da ya tallafe shi sai hannun kafinta. Da ya ɗan karkata, sai ya matse faifai, haƙoran baya su ɗauke shi su wurgo. Wannan shi ne shurin inji.

Kada a raina wannan shuri. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa na gudun kilomita 190 a awa. Sau da yawa kuma katakon da ya ƙwace yakan ja hannu ya kai shi bakin zarto. A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan irin wannan inji ke yi wa rauni a kowace shekara. Can har wani mai suna Steve Gass ya ƙago birki a 1999, wanda ke tsai da faifai da zarar ya taɓa fata, aka fara sayar da injinsa SawStop a 2004. Irin wannan inji yana da tsada ƙwarai. Doguwar majingina kuwa guntun filawud ne kawai da aikin rabin awa.

Filawud mai kaurin milimita 18 shi ya fi dacewa. Ɗanyen katakon da aka kawo daga kudu yakan kanannaɗe da zarar hunturu ya busa, alhali kuwa filawud da wuya ya juya. A yanko shi daidai tsawon majinginar inji, tsayinsa kuma inci 8 zuwa 12, a tabbata bakin da zai zauna kan tebur miƙaƙƙe ne.

Wajen ɗaurawa ne ake gane gwani. Idan majinginar inji tana da huda, a ɗaure ta baya da sukuru gajeru waɗanda tsininsu ba zai ɓullo ta fuska ba. In ta gaba aka ɗaure da noti, lalle a nutsar da kawunansu cikin filawud, kuma a nisanta su daga inda faifai ke juyawa. Idan babu huda, sai a yi mata sirdi: alluna biyu, dogo a gaba, gajere a baya, a haɗa su da wani a sama, su hau majinginar su kama ta kam ba girgiza. Ƙarfen matsi ma yana yi, amma da sharaɗin kada kansa ya tare hanyar aiki, domin katakon da ya ci karo da shi a tsakiyar tsaga ya shiga hatsari. Ƙusa ɗaya ko biyu da wasu ke bugawa cikin gaggawa ba ɗauri ba ne. Majinginar da ke motsi ta fi rashinta muni, don kuwa kafinta ya riga ya ba ta amana ya saki jiki.

Bayan ɗauri sai awo. A ɗora sikwaya a kan tebur a jingina ta da sabon allon, a gaba, a tsakiya da baya. In an ga haske, a cusa takarda a bayan allon har ya miƙe. Kana a auna tsakanin allon da faifai ta gaba da ta baya. Kada baya ya fi gaba matsewa. A kuma tuna cewa ma'aunin da ke jikin inji ya daina faɗin gaskiya, gama kaurin filawud ya shiga tsakani. Daga haƙorin zarto za a riƙa aunawa.

Sauran sharuɗɗa ba su da yawa. A rufe ramin da ke kewaye da faifai da siririn allo, don kada bakin aiki ya zurma. Guntun da za a yar ya faɗi ta waje, kada ya maƙale tsakanin faifai da majingina. Siririn katako da za a tsai da shi a kan ƙarshensa, kamar mai fitar da harshen haɗi, ba a riƙe shi da hannu. A matse shi jikin wani allo mai bin majingina. Duk wannan ɗauri da awo kuwa, sai an zare waya daga bango, domin wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo.

Nauyin wannan al'amari yana wuyan masu gida, tun da yake yara masu koyo ne suka fi tsayawa gaban inji. Kabad in ya lalace a sāke wani, amma yatsa in ya tafi ya tafi ke nan. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah Ya tsare hannuwan masu neman halali, amin.